Burtun da Kwamiti Ya Gani

Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin gandun daji, kuma ranaku da yawa sun wuce ni kamar ba a yi su ba. Amma ranar Talatar da kwamiti ya zo Kurmin Kaka duba burtu, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta har a kai ni makwancina. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa nake tsayar da babur a gindin allon nan na hanyar Zurmi in ɗaga hannuwa. Wasunku sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Wasu sun ce fili nake nema a ciki. Yanzu da na ajiye aiki, babu mai rubuto mini takardar tuhuma, bari in gaya muku.

A lokacin ina malamin daji. Ga wanda bai san tsarinmu ba, akwai shugaban shiyya da ke zaune a ofis a Kaura Namoda, yana kula da dazuzzukan Kaura da Zurmi da Shinkafi. Namu a lokacin shi ne Alhaji Mande. Ƙarƙashinsa sai mu malaman daji, kowa da yankinsa, da littafin sintiri, da guduma mai lamba wadda ake buga wa itace kafin a yarda a sare shi. Ƙarƙashinmu kuma sai masu gadi, yawancinsu 'yan wucin gadi. Su ne suka san dajin ciki da bai, shi ya sa ba a taɓa tambayarsu komai.

Kurmin Kaka yana cikin yankina. In ka bar kwalta tsakanin Kaura da Zurmi ka yi wajen Birnin Tsaba, za ka hango wurin da yake a da. Ba shi da girma can, mutum zai zagaye shi tsakanin hantsi da azahar. Amma fartanya ba ta taɓa shiga cikinsa ba tun da aka kafa garuruwan da ke kewaye da shi. Akwai maɗacin da mutum uku ba sa haɗa hannu a gindinsa, ga kanya, ga tsamiya, ga ƙirya da ɗinya, ga wata kuka a can ƙuryar gabas wadda tsofaffi suka ce kakanninsu ma tsohuwa suka same ta. In ka shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Akwai jan biri, da gada kaɗan, da damo, da kunkuru. Akwai kuma burtu guda biyu, mace da namiji.

Yawancinku sunan kawai kuka sani, daga maganar da ake yi cewa wane ya yi shigar burtu. Tsuntsu ne baƙi, babba, ya fi talotalo tsayi, da dogon baki da ƙahon nan a samansa. Namijin yana da jan maƙoshi. Ba ya son tashi sama, tafiya yake yi a ƙasa a hankali kamar dattijon da ke zagaya gonarsa, yana tsintar fara da ƙadangare da maciji. Da asuba yakan yi wani kuka mai zurfi kamar ana buga turmi daga nesa. Ba ya ƙwai sai a kogon tsohon itace, kuma ɗa ɗaya yake raino, shi ma ba kowace shekara ba. Ina yaro mukan gan su a bayan gari. Zuwa lokacin da nake ba ku labari, daga Banga har Shinkafi ban san inda wasu suka rage ba sai waɗannan biyun.

Mai gadin kurmin shi ne Baba Labbo. Maharbi ne a da, ɗan maharbi, ya ajiye baka ya karɓi gadi tun kafin a kawo ni yankin. Ya haura saba'in, gwiwoyinsa suna ƙara in zai tashi, amma yana ganin sawu a ƙasa zai gaya maka dabbar da ta wuce da lokacin da ta wuce da abin da ya firgita ta. Shekara ashirin muna tare bai taɓa kirana da sunana ba. Malamin takarda yake ce mini. Duk abin da na sani game da daji wanda ya wuce cike fom, shi ya koya mini.

Da farkon damina, an yi shuka amma gero bai rufe ƙasa ba, Alhaji Mande ya kira ni ofis.

Ya ce, "Lawali, zauna. Ci gaba ya zo yankinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya sa alheri. Sabon babur za a ba ni?"

"Wane babur? Wani kamfani ne zai gina rukunin gidaje na zamani a Kurmin Kaka. Da gidan mai, da kantuna. Har da wurin shaƙatawa, inda za a dasa itatuwa mutane su riƙa shan inuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sare maɗacin da ya girmi kakana a dasa dogon yaro?"

Ya ce, "Shi ne ci gaban."

Na tambaya me ya sa sai kurmin, ga fili ko'ina. Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya tambayi abin da kowa ya sani. Gona tana da mai ita, in an taɓa ta sai an ji kuka har Gusau. Kurmi kuwa maraya ne. Kada ku ɗauka Alhaji Mande mugu ne. Mutum ne da ya gano tun da wuri cewa kujera ba ta son mai yawan motsi. Da zan fita sai ya ce, kamar da bango yake magana, a ƙa'ida ba a cire daji daga cikin gandu in akwai dabbar da ake tsoron ƙarewarta tana haihuwa a ciki, sai dai ba wanda ya taɓa rubuto masa cewa akwai.

Na koma na rubuta rahoto shafi huɗu a kan burtun nan biyu. Shi ne rahoto mafi kyau da na taɓa rubutawa, kuma shi kaɗai ne a duk aikina na tabbata an karanta. Bayan mako uku amsa ta zo daga hedikwata: za a turo kwamiti ranar Talata ya ga tsuntsun da idonsa. In ya gani, za a sake duba maganar. In bai gani ba, malamin dajin da ya rubuta rahoton zai yi bayani.

Na tafi wurin Baba Labbo da murnata. Na san macen tana kwance a kan ƙwai a kogon kukar gabas, don shi ya nuna mini. Na ce abin ya zo da sauƙi, mu kai su gindin kukar su leƙa, shi ke nan.

Ya ce, "Ba ni kai su."

"Baba, kurmin ne fa gaba ɗaya."

"Malamin takarda, mutum nawa ne kwamiti?"

Na ce za su kai goma, da direbobi da masu rakiya.

"To, ranar da ka gwada wa mutum goma kogon ga, ka gwada wa kasuwa. Direba shina da aboki, aboki shina da boka. Ungulu nawa ka gani bana a mahautar Kaura?"

Ban ga ko ɗaya ba, kuma na san inda suka tafi. Masu sayen kawunan tsuntsaye don haɗa magani sun gama da su, kuma kan burtu ya fi na ungulu daraja a wurinsu. Na ce to ko namijin ne su hango yana kiwo. Ya yi dariya ya ce tsuntsun da ke jin takun mutum ɗaya daga nesa ya ɓace, shi zai tsaya jiran motoci?

Abin da ya biyo baya ni na kawo shi, ba Baba Labbo ba. Ina so ku riƙe wannan.

A ɗakinsa akwai wata jakar fata rataye a kusurwa, na san abin da ke ciki. Kan burtu ne irin na maharba. Ana samun bakin burtu na gaske da ƙahonsa, a haɗa shi da lanƙwasasshen itace a matsayin wuya, a rufe da baƙar fata, a sa jajayen 'ya'yan tsiron idon zakara a gurbin idanu. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsu na kiwo. Gada da barewa ba sa gudun burtu, sai ya matso har inda kibiya za ta kai. Nasa shi ya harbi tsuntsun da hannunsa yana saurayi. Ya taɓa gaya mini cewa macen ta yi kwanaki tana zagaya bayan garinsu tana kira, kuma har ya tsufa yakan ji ta.

Na ce, "Baba, ka sa musu wannan."

Ya ce, "Na yi rantsuwa ba ni ƙara ɗaura shi in yaudari dabba."

Na ce, "Ai ba dabba za ka yaudara ba. Kwamiti ne."

Ya dube ni, ya dubi jakar. Ya ce, "To, wanga kam rantsuwata ba ta kai can ba."

Ranar Talata an ce ƙarfe tara, suka iso sha biyu da rabi. Mota biyar, da jiniya, don kada wata dabba ta ce ba a sanar da ita ba. Kun san yadda hanyoyinmu suke a shekarun nan, saboda haka da masu rakiya da bindigogi suka zo, kuma tun kafin su sauko aka gaya mini dole su juya kafin la'asar. Shugaban kwamitin wani ne da kowa ke kira Dakta, da hular malafa ta kanti da madubin hangen nesa rataye a wuya. An ce ya yi karatun tsuntsaye a ƙasar waje. Tare da su akwai wakilin kamfanin, Injiniya, sanye da farin takalmi. Shi ya kawo ruwan sanyi da naman da kwamiti ya ci, domin adalci ba ya yiwuwa da yunwa.

Ba su shiga kurmin ba. Dakta ya ce daga bakin daji ake nazari, shiga ciki yana damun halittu. Injiniya ya dubi takalminsa ya ce gaskiya ne. Na kai su kan wani ɗan tudu ta yamma, nesa da kukar iyakar nisa, inda akwai fili mai ciyawa zuwa gwiwa kafin itatuwa su fara. Muka tsaya.

Can sai ga baƙin abu ya fito daga gindin wata tsamiya. Dogon baki ya sunkuya, ya ɗago, ya juya hagu, ya tsaya, ya sake sunkuyawa. Wallahi ni da na san ko wane ne, sai da na ɗauka burtun gaske ne. Ban taɓa ganinsa yana aikin ubansa ba sai ranar.

Dakta ya ɗora madubi a ido ya ce, "Shi ne! Kowa ya yi shiru!" Da ƙarfi ya faɗa, yadda ko a Zurmi za a yi shirun.

Mai ɗaukar hoto ya shiga aiki. Injiniya ya tambaya ko ana cin namansa. Ɗaya daga cikin masu rakiya ya gyara bindiga ya ce, "Oga, in sauko maka da shi ka gani kusa?" Ban san lokacin da na riƙe bakin bindigar da hannuna ba. Dakta ya daka masa tsawa, kuma wannan tsawar ita kaɗai nake roƙa masa lada a kanta har yau.

Sannan ya juyo ya yi mana darasi. Ya ce namiji ne, matashi, bai wuce shekara huɗu ba. Ya ce mu dubi yadda yake taku da ƙarfi, alamar yana samun abinci mai kyau. Ya ce wanda bai yi karatu ba zai ɗauka duk burtu ɗaya ne, amma shi daga ganin yadda wannan ke ɗaga wuya ya san irin na yankin nan ne na asali. Alhaji Mande ya ɗan kalle ni ta gefen ido, sannan ya mayar da kallonsa sama kamar mai duban hadari. Shi ɗan ƙauye ne, ya san abin da ya gani. Bai ce komai ba, ranar nan ko bayanta.

Minti arba'in suka yi, har da cin nama. Da ƙarar jiniya ta ɓace na ruga cikin ciyawa. Na sami Baba Labbo kwance a gindin tsamiya, ya kwance kan burtun, gwiwoyinsa duk ƙaya da jini, yana numfashi da ƙyar.

Ya ce, "Mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ce matashi ne kai, shekararka huɗu, kuma kana samun abinci mai kyau."

Ya ce, "Don Allah ka biya gida ka hwaɗa wa matata Kulu. Ita kullum cewa take na ƙare."

Muka yi dariya har hawaye. Na goya shi a babur zuwa gida. A ranar na ɗauka mun ci nasara.

Bayan mako biyu takarda ta zo. Kwamiti ya tabbatar da samuwar tsuntsu mai daraja a Kurmin Kaka, ya kuma yaba wa malamin daji Lawali bisa kishinsa. Sakin layi na biyu ya ce, ganin cewa tsuntsun guda ɗaya ne tak, kuma yana zaune a wurin da babu tsaro, babu likitan dabbobi, kwamiti ya ba da shawarar a kama shi a kai shi gidan ajiye namun daji domin kare lafiyarsa. Da zarar an yi haka, babu sauran abin da zai hana aikin gini. An ba malamin daji Lawali kwana goma ya kawo tsuntsun ofishin shiyya da rai.

Tare da takardar aka aiko da keji sabo fil, na ƙarfe, da fenti kore. Shekara shida ina rubuta takardar neman takalmin sintiri ba amsa. Keji kuwa kwana biyu ya yi a hanya.

Na karanta wa Baba Labbo takardar a bakin kurmin. A lokacin ƙwan ya riga ya fashe, akwai ɗa a kogon, namijin yana ta jigilar ƙadangaru. In aka kama uban, uwa da ɗa sun mutu. In na ce ban iya kamawa ba, za a turo masu kamawa daga birni da raga da karnuka, kuma kwana ɗaya ya ishe su gano kukar.

Ya ce, "Kurmi kam ya tahi, Malamin takarda. Tun ran da anka auna shi a takarda ya tahi, mu ne ba mu ji ba. Saura ɗan ga. Wata ukku shika so ya yi fiffike."

Na ce zan je in faɗi gaskiya, ni na shirya komai.

"Kai za ka yi shiru. Ba a sare itace sai ka buga mai guduma, ko ba haka ba? In sunka kore ka, wanda za su kawo kwana ukku zai buge su duka. Ni baki ɗai gare ni. Kai takarda gare ka, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai takardarku jan ƙahwa ba. Yau dai ta yi muna rana."

Ranar da wa'adi ya cika Dakta da Injiniya suka zo ofishin Kaura karɓar tsuntsu, da mai hoto. Baba Labbo ya shigo da kejin a ka, an rufe shi da buhu. Ya sauke a gaban teburin Alhaji Mande, ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yaye buhun. Kan burtun ne a ciki, da igiyarsa da baƙin zanen a naɗe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga burtun da kunka gani. Ni ne. Babu wani tsuntsu a kurmin ga, ni ɗai na shirya abina don kada a raba ni da wurin gadina."

Na ɗauka za a yi faɗa a kan yaudara. Ashe ban san masu ilimi ba. Dakta ya riga ya sa hannu a rahoto, an buga, an raba, da hoton a shafin farko. Ya ɗauki kan ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa bakin da farce, ya ce wannan bakin burtu ne na gaske. Baba Labbo ya ce awo, ƙwarai na gaske ne, ya fi shekara hamsin a jaka. Dakta ya ce shi ba yaro ba ne, ya san tsuntsu in ya gan shi. Abin da ya faru a fili yake: wannan tsoho ya kashe tsuntsun da kwamiti ya gani, ya sayar da naman, ya ɗaura kan a itace ya zo yana raina wa hukuma hankali.

Baba Labbo ya ce, "In gwada maka?"

Ya fita tsakar ofis, ya ɗaura kan a goshi, ya lulluɓa da zanen, ya durƙusa a kan tsakuwa da gwiwoyin da ba su gama warkewa ba. Ya yi rarrafe daga gindin dogon yaro zuwa bakin rijiya ya dawo, yana sunkuyar da bakin yana ɗagowa. Masinja da masu shara da mutanen da suka zo neman takardar itacen girki duk suka taru. Wasu suna dariya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da littafin sintiri a hannu, bakina a rufe, kamar yadda aka umarce ni. Na sha gaya wa kaina cewa umarninsa na bi. Amma na san shirun bai yi mini wuya yadda ya kamata ya yi ba, domin saura shekara biyu in yi ritaya.

Dakta ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "Wanda na gani ya fi wannan kuzari."

Aka rubuta cewa tsuntsu mai daraja ya halaka a hannun mai gadi. Aka sallami Baba Labbo a ranar, abin da bai ɗauki lokaci ba tunda ɗan wucin gadi ne, shekara ashirin da bakwai yana wucin gadin. An so a kai shi gaban alƙali, Alhaji Mande ya ce tsoho ne, a bar shi da Allah. Injiniya ya nuna baƙin cikinsa matuƙa, ya ce kamfani ba zai bari a manta da tsuntsun ba. Ya tambaye ni yaushe zan gama ƙidayar itatuwa.

Ƙa'ida ta ce kafin a share daji sai malamin daji ya auna kaurin kowane babban itace, ya rubuta irinsa a fom, ya buga masa guduma. Aikin mako ɗaya ne ga mai sauri. Na fara daga yamma. Kwana na uku tef ɗin awo ya tsinke, na rubuta takardar neman sabo ta hanyar da ta dace. Injiniya ya sayo mini guda biyu daga kasuwa, na ce ba a aikin hukuma da tef ɗin da ba shi da lambar sito. Da na je bin sawun takardata, Alhaji Mande ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Na karɓa, Lawali. Na sa ta can ƙasan fayil, inda iska ba za ta ɗauke ta ba." Da tef ya zo, fom ya ƙare. Da fom ya zo, ƙotar guduma ta karye. Ranar da aka yi ruwa ba a awo, ranar da ba a yi ba akwai laka.

Injiniya ya ce, "Malam Lawali, kai dai ba ka son ci gaba."

Na ce, "Ina so, Injiniya. Ƙa'ida ce ba ta da sauri."

Duk abin da na tsana a aikinmu shekara talatin, shi na ɗauka na yi makami da shi, kuma ban taɓa ganin makamin da ya kai shi kaifi ba. Sai dai kada ku ɗauka daɗi nake ji. Kowane itace na buga wa guduma, hannuna ne ya yanke masa hukunci. Ina tafiya gabas a hankali, masu zarto suna biye da ni a baya. Baba Labbo kuwa, da aka kora, bai fasa zuwa ko rana ɗaya ba. Kullum da safe yana zaune nesa kaɗan da kukar da sandarsa, wai ganyen magani yake nema.

An yanke gero, dawa ta fara nuna, sai wata safiya ya yafuto ni da hannu. Muka tsuguna a bayan wata ɗinya. Su uku ne. Uban a gaba, uwar a baya, ɗan a tsakiya, gashinsa bai gama yin baƙi ba, yana tuntuɓe da ƙafafunsa. Suka fito daga inuwar kukar, suka ratsa karan gero, suka nufi arewa wajen Shinkafi. Ba su tashi sama ba. Muna kallonsu har suka shige cikin dawa.

Baba Labbo ya ce, "Da ƙahwa sunka tahi, kamar mutanen ƙauyukanmu." Sai ya share fuska da hannun riga ya ce, "Tashi ka buga gudumarka, Malamin takarda."

Da azahar na buga wa kukar. Katafila ta yi kwana biyu kafin ta kayar da ita.

Ban san inda suka je ba, ban kuma sake jin kukan nan na asuba ba. Baba Labbo bai ga wata daminar ba. Ba wata cuta mai suna, ya dai daina fita, sannan ya daina ci sosai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Bayan kwana arba'in Inna Kulu ta aiko a tambaye ni ko ofis yana da hotonsa, don jikoki, tunda shi bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Na bincika. 'Yan wucin gadi ba su da fayil.

Injiniya ya cika alkawari. Kun ga allon da ke bakin hanya: Rukunin Gidaje na Burtu. Bayansa akwai ƙofa mai kyau, da harsashin gida bakwai ko takwas da awaki ke kwana a ciki, da fili fetal har iyakar ganinka, domin masu kuɗin da za su saya sun gano cewa hanyar ba ta biyuwa bayan la'asar. Dogon yaron da aka dasa a wurin shaƙatawa awakin sun cinye. Hoton da ke allon shi ne wanda mai hoton kwamiti ya ɗauka ranar Talatar nan, an faɗaɗa shi ya kai tsayin mutum biyu. In kun tsaya kuka duba can ƙasa ta hannun dama, inda ciyawa ta ɗan buɗe, za ku ga diddigen ƙafa, da faso a jikinsa. Dakta ya zo buɗe wurin, ya tsaya a gindin allon an ɗauke shi hoto, bai gani ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na koyi cewa a aikin nan wanda ya san daji ba shi da sa hannu, mai sa hannu kuma ba ya shiga daji, kuma in babba ya riga ya ce ya gani, ko ka yi rarrafe a gabansa ba zai sake dubawa ba. Na koyi cewa ƙarya, ko don alheri aka yi ta, ba mai shirya ta ke biya ba, wanda ya durƙusa ne. Ku kuma da za ku riƙe guduma bayanmu, za a kawo muku takarda wata rana a ce ci gaba ya zo. Ba lallai ku iya hanawa ba. Amma ku tambayi mai gadinku abin da ke cikin kogo, ku kuma tuna cewa tef yana tsinkewa.

Na kai Inna Kulu wurin allon sau ɗaya, a bayan babur. Ta daɗe tana kallo. Ban nuna mata komai ba, ita ta kai yatsa kan diddigen da kanta. Ta ce kullum sai ta ce ya shafa man kaɗe, ba ya ji.